Ragon Ista Mai Ido Ɗaya

Shekarun baya, lokacin da ya rage mini kaɗan in ajiye aikin gwamnati, ni da matata muna zaune a wani tsohon gida a Nassarawa GRA a Kano, irin gidajen nan masu faɗin fili da doguwar baranda, da bishiyar mangwaro a bayan madafa. 'Ya'yanmu duk sun watse, wasu suna Kaduna, wasu Jos. Daga mu sai mai gadinmu, wani dattijo Musulmi mutumin ƙasar Jigawa, wanda ya daɗe tare da mu har ya zama ɗan gida. Abin da zan ba ku labarinsa ya faru ne a mako mai tsarki, daga Lahadin Dabino zuwa ranar Ista. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan makon ba, ko kafinsa ko bayansa.

Sai na fara da daminar da ta gabace shi. Wata safiya matata ta faɗi a madafa, hawan jini ya shanye mata ɓarin jiki na hagu. Ta daɗe a asibiti ba ta magana. A barandar asibitin nan, ina tsaye ni kaɗai, na yi wa Ubangiji wa'adi a zuciyata. Na ce idan ya tashe ta daga wannan gadon, zan kawo rago marar aibu gaban bagadinsa a majami'a, ranar Ista, ranar tashin Almasihu daga matattu. Ban gaya wa kowa ba, har ita kanta.

Ubangiji kuwa ya tashe ta. Ta dawo gida tana jan ƙafar hagu, hannunta na hagu ya naɗe, bakinta ya ɗan karkace, amma hankalinta da harshenta suna nan daram. Da ta fara takawa da sanda, sai na je na sayo ɗan ragon Balami, fari ƙal. Na duba haƙoransa, na duba kofatansa da kunnuwansa, na buɗe idanunsa ɗaya bayan ɗaya, har mai sayarwa ya tambaye ni ko aure zan ba shi. Da muka iso gida na kafa masa turke a gindin mangwaro, na ɗora hannu a kansa, na keɓe shi domin Allah. Mai gadi ya ɗauki kiwonsa da harawa da dusa da ɗan kanwa. Kirsimeti ta zo ta wuce ban yanka shi ba. Matata ta dube ni ta ce, "Malam, wannan ragon naka da alama shi zai gaje mu." Na yi murmushi kawai.

Domin ku fahimci abin da ya biyo baya, dole ku san irin tarbiyyar da na taso a ciki. Kakana malami ne a ƙasar Zazzau. Mahaifina ya karɓi Almasihu yana saurayi, ya zama katikis, wato mai koyar da addini a majami'a, amma bai bar ɗabi'ar gidan malamai ba: da ajami ya fara koya mini karatu, kuma a wurinsa nassi ba abin da ake karantawa a wuce ba ne, haddace shi ake yi. Na haddace dokokin hadaya na Tsohon Alkawari tun ina ƙarami, na kuma yi shekaru ina koyar da su ga manya a majami'armu. Na sani sarai cewa dukan hadayun nan inuwa ce, cikarsu tana kan gicciye. Da bakina na koya wa mutane haka. Sai dai abin da mutum ya sani a aji daban yake da abin da zuciyarsa take yi a barandar asibiti.

A Lahadin Dabino, al'adarmu ce a yi wa ƙofar majami'a ado da manyan rassan dabino, bayan sujada kuma dattawa su kan tafi da su gida. Na ɗauko reshe guda cikakke, da ƙayoyinsa na gindi ba a sare ba. Na jingine shi a bangon madafa da nufin in rataye shi a baranda idan rana ta yi sanyi. Bazara ce, zafin Kano ya kai inda ya kai. Mun ci abinci, na kishingiɗa, sai na ji ragon ya yi wani irin kuka da ban taɓa jin dabba ta yi ba.

Na tarar da mai gadi ya riga ni isa. Ragon ya miƙa wuya ne zai ci ganyen, reshen ya zame, ƙaya ta shige masa idon dama. Jini da ruwa suna bin farin gashin fuskarsa. Mai gadi ya matse kan ragon a tsakanin gwiwoyinsa ya zare ƙayar, ya daɗe yana duban wurin.

"Baba, idon nan ya tafi," in ji shi.

"Ko zai warke?"

"Ciwon zai warke, gani ne ba zai dawo ba." Ya shafa wuyan ragon, ya girgiza kai. "Kai, an yi asarar rago. Ko a wurinmu irin wannan ba ya layya."

Da tausayi ya faɗa, bai san komai a kan wa'adina ba. Amma na ji maganar kamar an karanta mini hukunci. A take nassin da na haddace ya taso mini: dabbar da take makauniya, ko gurguwa, ko mai rauni, ba a kawo ta gaban Ubangiji don cika wa'adi, ba za a karɓa ba. Abin da ya fi razana ni shi ne hanyar da abin ya bi. Ba kare ne ya ciji ragon ba, ba cuta ce ta kama shi ba. Reshen da na ɗauko daga ɗakin Allah, da hannuna, a rana mai tsarki, shi ne ya ɓata abin da na keɓe wa Allah. Na tsaya cikin rana ina gumi, amma tafin hannuna sanyi ƙalau.

Washegari na kira abokina. Dattijo ne ɗan'uwana a ikkilisiya, mutumin kudancin Kaduna, tsohon jami'in kula da lafiyar dabbobi, yana zaune a Kawaji. Tun muna samari yake kirana Babban Firist saboda son dokokin hadaya da nake yi. Ya zo da jakarsa, ya wanke idon, ya yi wa ragon allura.

"Idon dai ya mutu," ya ce yana wanke hannu a famfo. "Ragon kuwa lafiyarsa ta fi tawa da taka. Me ya sa fuskarka ta yi kamar kai aka tsone?"

Na ja shi baranda, na gaya masa komai. Shi ne mutum na farko da ya ji.

"To ai da sauƙi," in ji shi. "Kasuwar Wudil tana ci ranar Jumma'a. Ka tura a sayo wani, wannan kuma mu ci abinmu."

"Ba a musanya abin da aka keɓe," na ce. "Doka ta hana. Ba a canja mai kyau da marar kyau, ba a kuma canja marar kyau da mai kyau. Wanda ya musanya, duka biyun sun zama na Allah."

"To ka kai duka biyun."

"Idan na kai duka biyun, makahon yana gaban bagade ke nan. Ka manta da tsawatawar da wani annabi a Tsohon Alkawari ya yi wa masu kawo makauniyar dabba? Har ya ce su gwada kai wa mai mulkinsu su ga ko zai karɓa."

"Ni dai ka kawo mini, zan karɓa har da igiyar." Ya yi dariya, da ya ga ban taya shi ba sai ya tsuke fuska. "Babban Firist, haikalin da ake waɗannan hadayun a cikinsa fa an rushe shi tun kafin a haifi kakan kakanka. Wannan baikon godiya ne, kyautar da ake kai wa majami'a, ba wanda zai ƙone shi a kan wuta. Kai ne fa ka koya mana."

"Na sani."

"To?"

"Na ce marar aibu. Da bakin zuciyata na faɗa, kuma an ji ni."

Ya ɗauki jakarsa. A bakin ƙofa ya ce in gaya wa fasto. Ban gaya masa ba. Fastonmu na lokacin matashi ne, ya taɓa zama a ajina, kuma na san amsar da zai ba ni domin ni na ba shi ita.

Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da na lallashi kaina. Amma ranar Talata matata ta tashi da ciwon kai mai tsanani. Tana yi mini magana a kan shayi, sai na ji harshenta ya yi nauyi, kalmomin suna manne wa juna kamar yadda suka yi a damina. Na ɗauke ta sai asibiti. Jininta ya hau ƙwarai. Aka ba ta magani, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta, aka ce babban likitan da zai duba hoton ya yi tafiya, sai bayan hutun Ista. Zuwa yamma harshen ya saki, suka ce mu koma gida, ta huta, idan wani abu ya canja mu dawo da gaggawa.

A hanyar dawowa, ina tuƙi a ƙarƙashin itatuwan darbejiya na unguwarmu, lissafin ya haɗu a kaina ba tare da na neme shi ba. Na roƙi rai, na yi alkawarin rago. An ba ni ran. Yanzu an mayar mini da ragon. Me ya rage, in ba a karɓi abin da aka ba ni ba?

Ban san yadda zan kwatanta muku kwanakin da suka biyo baya ba. Ba na iya kallon fuskarta sai in kalli bakinta, ina duban ko ya ƙara karkacewa. Idan ta yi shiru a ɗaki sai in kira ta ba dalili, don kawai in ji yadda za ta amsa. Idan cokali ya faɗi a madafa sai in ruga in duba ta. Na yi ta buɗe nassi ina neman mafita kamar lauya, na bi dokar fansar abin da aka keɓe, na bi dokar baikon yardar rai, inda aka ɗan sassauta a kan wasu lahani. Ko'ina na shiga sai in tarar an ware wa'adi daban, an ce shi kam ba sassauci. Addu'a ma ta gagare ni, domin ina jin kamar wanda ya je ƙofar da aka riga aka rufe masa. Duk lokacin da na zaga bayan madafa, ragon ya kan juyo da kansa gaba ɗaya don ya gan ni da idon da ya rage, ɗayan kuma ya yi fari kamar dafaffen ƙwai.

Ranar Alhamis na taimaka wajen raba Jibin Ubangiji, hankalina ba ya wurin, har ƙoƙon ya karkace, wata tsohuwa ta tallafe shi da hannunta. Ranar Jumma'a Mai Kyau, a doguwar sujadar tsakar rana da ake bin kalmomin Ubangiji a kan gicciye, ni aka ba kalmar da ya faɗa cewa aikin ya cika. Na tsaya na yi bayani tiryan-tiryan: babu sauran hadaya, babu sauran jinin da ake nema, an biya komai. Mutane suka yi ta gyaɗa kai. Bayan sujada wani ya riƙe hannuna ya ce bai taɓa jin an buɗe wannan nassin haka ba. Na yi masa godiya, na hau mota na koma gida a guje don in ga ko matata tana numfashi. A dukan majami'ar nan, mai wa'azin ne kaɗai wa'azin bai shiga ba.

Da safiyar Asabar na yanke shawara. Ba zan kai ragon ba, ba zan yanka shi ba tunda ba nawa ba ne, ba kuma zan sayi wani ba. Zan bar shi a turkensa har ya mutu don kansa, in je sujada hannu wofi, in jira abin da Allah zai yi. Ba shawarar mai hankali ba ce, amma ita ce kaɗai ban ga dokar da ta karya ba, in ban da wa'adin kansa.

Ina tsugune ina wanke masa idon da ruwan gishiri, sai na ji ƙarar sandarta a kan siminti. Ta zagayo a hankali, ta ja kujerar roba ta zauna a inuwa, tana mayar da numfashi.

"Malam, tun Lahadi ba ka cin abinci. Ka bi ni da ido kamar mai gadin fursuna. Ko likita ya gaya maka abin da bai gaya mini ba?"

"Bai gaya mini komai ba."

"To mene ne tsakaninka da ragon nan?"

Na gaya mata, tun daga barandar asibiti har zuwa shawarar da na yanke da safen nan. Na jero mata dokokin ma, ɗaya bayan ɗaya. Ta saurara har na gama. Sai na ga kafaɗarta ta dama tana motsi, na zabura na ɗauka ciwon ne. Ashe dariya take yi.

"Ashe rago ne kuɗina," ta ce. "Shekarun nan duka ina dafa maka tuwo, ko saniya ban kai ba."

"Maman yara, ba abin wasa ba ne."

"Na ga alama." Dariyar ta ɗauke. "Wato tun Talata kana zaune kana jiran in mutu saboda idon rago."

Na ci gaba da wanke wa ragon ido, ita kuma ta ci gaba da magana.

"Ka yi ciniki a kaina ba ka tambaye ni ba. To, na yafe wannan, tsoro ne ya sa ka. Amma ɗago ka dube ni." Ta ɗaga hannunta na hagu da na dama, ta ajiye shi a cinyarta, yatsun a dunƙule. "Kowace Lahadi ina jan ƙafar nan har gaban bagade in durƙusa. Da wannan karkataccen bakin nake karɓar gurasa. Ba ka taɓa ce mini in tsaya a gida ba. Idan gobe za ka bar ragon nan saboda ba a kai mai aibu gaban Allah, to ka kafa turke na biyu a nan, ka ɗaure ni kusa da shi, ka tafi sujadarka."

"Dokar a kan dabba take magana, ba a kan mutum ba," na ce. Har ga Allah abin da na ce ke nan.

"Wannan kai da littattafanka. Ni abin da na sani, ni aka tashe daga gado. Godiyar tawa ce kafin ta zama taka. Ragon da aka keɓe mini shi zan kai, kuma ni zan riƙe igiyar."

Ta tashi ta koma ciki. Kada ku ɗauka maganarta ta kwantar mini da hankali. Tsoron ma ƙaruwa ya yi, domin yanzu na tuna da labarin wani mutum da matarsa a farkon ikkilisiya, waɗanda suka kawo baikon da bai cika ba suka faɗi matattu a gaban manzanni. Wannan kuwa ba a Tsohon Alkawari yake ba, bayan gicciye ya faru. Na sani laifinsu ƙarya ce, mu kuwa ba mu ɓoye komai ba, idon yana nan kowa zai gani. Amma tsoro ba ya tsayawa sauraron bayani. Abin da na riƙe kawai shi ne, idan akwai fushi, a kan mai riƙe da igiya zai sauka. Na roƙe ta ta bar ni in riƙe. Ta ce a'a. Na ce aƙalla ta zauna a kujera in kai a madadinta. Ta ce in je in goge babbar rigata.

Safiyar Ista mai gadi ya wanke ragon da sabulu, ya taimaka muka sa shi a bayan motar abokina. Majami'a ta cika har waje, kowa cikin fararen kaya. Ban ji wa'azin ba. Da aka zo lokacin baikon godiya, matan zumunta suka ɗauki waƙa da kiɗan tuluna da kacau-kacau, iyalai suka fara fitowa daga baya suna rausaya, wannan da buhun shinkafa, wancan da doya, wata da kaji a kwando. Aka kira gidanmu.

A bakin ƙofa ta miƙa wa wata mata sandarta, domin hannu ɗaya gare ta mai aiki kuma igiya za ta riƙe da shi. Saboda haka dole na tsaya a hagunta, na rungumi hannun da ya shanye, nauyinta ya dawo kaina. Muka shiga. Hanyar da nake bi kowace Lahadi ba tare da na lura da ita ba, ran nan ta yi mini tsawo kamar daga Kano zuwa Zariya. Tana taka ƙafar dama, ta jawo ta hagu, ta tsaya. Ragon kuma, da yake gefe ɗaya yake gani, sai ya riƙa karkata yana neman inda ƙarar take fitowa. Ina ganin idanun mutane suna sauka a kan farin idon nan, suna ɗagowa su dube ni, ni da na koya musu dokar. Ina jin bugun zuciyarta a jikin hannuna, ina cewa a raina, Ubangiji, idan akwai laifi nawa ne, ni na yi wa'adin, ita ba ta sani ba.

Mun wuce tsakiya ke nan sai wata mata ta rangaɗa guɗa dab da makahon gefen ragon. Ya firgita ya fizga. Matata ta yi gaba, gwiwarta ta lanƙwashe, na ji jikinta gaba ɗaya ya saki a hannuna. Duhu ya rufe mini ido. Na ce shi ke nan, ga shi ya zo, a gaban jama'a, a gaban bagade, daidai yadda aka rubuta. Ban san na durƙusa tare da ita ba. Waƙar ta yanke.

Sai na ji muryarta a kunnena, kowace kalma a fili.

"Ɗaga ni mana, Malam. Rago ne ya ja ni, ba mala'ika ba."

Igiyar tana hannunta, ba ta saki ba. Na ɗaga ta. Abokina ya fito daga layin dattawa ya kama ƙahon ragon, matan suka mayar da waƙar da ƙarfi fiye da dā, muka ƙarasa. Fasto ya karɓi igiyar daga hannunta. Na zuba masa ido in ga abin da zai yi idan ya ga lahanin. Ya gani. Ya ɗora hannu ɗaya a kan ragon, ɗaya a kafaɗarta, ya gode wa Allah wanda ya ta da Ɗansa daga kabari, ya kuma ta da baiwarsa daga gadon ciwo. Jama'a suka ce amin. Wani ya ja ragon ta ƙofar gefe. Muka koma wurin zamanmu, rigata ta jiƙe sharkaf, ita kuwa tana tambayar wa ya riƙe mata sanda.

Ranar Litinin, da ikkilisiya ta fita zaman Galili, wato taron cin abinci tare a fili, kamar yadda muka saba bayan Ista, aka dafa ragon, aka fara ɗiba wa gwauraye da marasa lafiya. Mai gadinmu aka roƙa ya yanka, domin maƙwabtanmu Musulmi su ma su ci. Bayan hutu babban likita ya duba hoton, ya ce wata 'yar jijiya ce ta so toshewa ta sake buɗewa, ya canja mata magani, ya hana ta gishiri. Ta yi shekaru masu dama bayan wannan, ta goya jikoki a ɓarin da yake da ƙarfi.

Na daɗe ina juya wannan al'amari. Ban yarda cewa tsoron Allah kuskure ba ne, har yanzu ina ganin wanda yake zuwa gaban bagade ba tare da ɗan rawar jiki ba bai san inda ya zo ba. Kuskurena shi ne irin tsoron. Na ji tsoronsa kamar yadda ake tsoron wanda aka yi ciniki da shi aka kasa cikawa. Alhali kowace rana mai tsarki da muke kiyayewa, abin da take faɗa shi ne an riga an ba mu. A Kirsimeti an ba mu Ɗa ba mu roƙa ba. A Ista an ba mu rai ba mu biya ba. A lokacin girbi an ba mu hatsin da ba mu san yadda ya tsiro ba. Baikon da muke fitowa da shi a waɗannan ranaku amsa ce kawai, kuma mai amsawa da abin da yake hannunsa yake amsawa. Marar aibu guda ɗaya ne, Almasihu, an kuma riga an miƙa shi. Sauranmu duka, masu bayarwa da abin da muke bayarwa, da rauninmu muke zuwa. Matata ta kai godiyarta tun ba ta san abin da hoton zai nuna ba. Ni kuwa a lokacin so nake in ga sakamako tukuna.

Duk da haka akwai tambayar da ta zauna mini shekara da shekaru, kuma ita ce take ba ni tsoro fiye da dokokin. Da a ce ta faɗi a tsakiyar majami'ar nan ba ta tashi ba, da na sake kawo wa Allah baiko?

Ta rasu a wani mako da ba na biki ba, ranar Laraba da hantsi, ba wa'adi, ba komai a tsakani. A Istar farko bayan rasuwarta na zauna a layin dattawa, na sa an kawo buhun gero an ajiye a bakin ƙofa, ban tabbata zan taɓa shi ba. Babu abin da nake roƙo, babu kuma abin da nake tsoron a karɓe mini, an riga an karɓa. Matan zumunta suka ɗauki waƙa, aka kira gidanmu, gidan da ya zama ni kaɗai. Na ɗan jima a zaune, har mai kiran ya sake kira.

Na tashi. Ba zan ce muku da murna na tashi ba, amma na tashi, na kai.